Gwanin Malami Da Duniyoyi Takwas A Cikin Jadawali

Kusan duk yaron da ya shiga ƙaramar sakandare a ƙasar Kurfi ko Dutsin-Ma zai iya jero maka sunayen duniyoyin da ke kewaya rana, tun daga ta kusa har ta ƙarshe, ba tare da ya ja numfashi ba. Hadda ce, kuma yaranmu ba baya ba ne wajen hadda. Amma ka tsayar da shi ka ce, “To, a cikinsu wacce ta fi zafi, kuma me ya sa?” Sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Ba daƙiƙi ba ne. Sunaye aka ba shi, ba a taɓa damƙa masa alƙaluman a hannu an ce ya jujjuya su da kansa ba.

Akwai gwanintar da ke maganin wannan, kuma a ganina ba a yaba wa masu ita yadda ya kamata. Ita ce ta malamin da ya iya zaunar da yara gaban jadawalin lissafi na kwamfuta, wanda kowa ya fi sani da sunan Excel, ya sa su zuba bayanan duniyoyin nan takwas a ciki, sannan ya ja da baya ya bar alƙaluman su riƙa tsokano tambaya. Daga nesa sai ka ce ba wani aiki ba ne. Sai ka matso kusa za ka ga yawan dabara da haƙurin da ke cikinsa.

Shi jadawalin fili ne da aka yayyanka gida-gida. Layukan tsaye suna da haruffa, na kwance suna da lambobi, don haka kowane gida yana da sunansa: wanda ke mahaɗar layin B da layi na 4 sunansa B4. Abin da ya raba shi da takardar da aka ja wa layi da rula shi ne, kana iya umartar gida ya ɗauko abin da ke wani gidan, ya tara, ya ɗebe, ya ninka ko ya raba, kuma da ka canza lamba ɗaya duk gidajen da suka dogara da ita sai su gyara kansu nan take. A 1979 wasu Amurkawa biyu, Dan Bricklin da Bob Frankston, suka fito da na farko da ya yaɗu, mai suna VisiCalc, domin akantoci da 'yan kasuwa. Excel ya zo a 1985, Google Sheets a 2006. Yau kuwa wayar hannun da ke aljihun malamin ƙauye tana iya buɗe irinsa.

Jera lambobi a gidaje ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Daga nan Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi ya fito, masanin hisabi da falaki, wanda ya tafi aikin Hajji, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina hatimin lambobi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin nan jadawali ne da ake cika gidajensa ta yadda jimillar kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, za ta zo daidai da ta ɗan'uwansa. Malamin da ya san tarihin gida yakan buɗe darasinsa da shi. Sai ya sa yara su zuba 1 zuwa 9 a gidaje tara, su rubuta =A1+B1+C1 a gefe, su yi ta sauya wa lambobin wuri har kowane layi ya ba da 15. Kafin a tashi, yaro ya gane cewa gida yana da suna, ya gane amfanin alamar daidai a farkon umarni, ya kuma ji cewa wani Bakatsine ya yi zurfi a irin wannan lissafi kusan shekara 300 da suka wuce, har malaman Masar suka san da zamansa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ya taso yana jin cewa kimiyya kayan wasu ne.

Sai dai kafin a zo kan duniyoyi, gwanin malami yakan kashe kwamfutar ya tura yaran waje. A garuruwa irin su Tamawa, inda hasken lantarki bai dakushe sama ba, yaro yana da gatan da ɗan birnin Kano ba shi da shi. Bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya sauko, sama takan yi tas. Aikin gida na farko shi ne a duba yamma bayan magariba ko gabas da asuba, a nemo tauraruwar nan mai haske da ba ta ƙyaftawa kamar sauran. Iyayensu sun san ta: Zara matar wata idan da yamma ce, Gamzaki idan da asuba. Da yawa ba su san abu ɗaya ba ne, kuma ba tauraruwa ba ce, duniya ce mai kusan girman tamu, wadda malaman falaki ke kira Zahra. Biyar daga cikin duniyoyin ana ganinsu da ido ba tare da madubin hangen nesa ba, shi ya sa suke da sunaye a littattafan malamanmu tun da daɗewa: Uɗaridu, Zahra, Mirriku wadda ake kira Mas a labarai, Mushtari da Zuhal. Sauran biyun sai da madubi aka gano su, Yuranos a 1781, Neftun a 1846.

A nan ne wani uban yakan ɗaga gira, don da ya ji an ce taurari sai zuciyarsa ta tafi wajen duba da bokanci. Malami mai hankali ba ya raina wannan damuwa, yakan amsa ta kai tsaye. Babu mai neman sanin gaibu a wannan aji. Awo ne da ƙidaya, dangin lissafin da ake bi a san lokutan salla da tsayuwar wata, dangin wanda malamai ke bi su ce wa manoma an shiga Zira'a ko Nasara ko Ɗarfa.

Mataki na gaba ma ba a kwamfuta yake ba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: makarantunmu da yawa kwamfutocin ba su kai yawan yaran ba, inda suke kuma wuta ba ta da tabbas. Don haka kowane yaro zai ja jadawalinsa a littafi. Layi na 1 na kanun bayanai ne, layi na 2 zuwa na 9 na duniyoyi, bi da bi daga rana, tamu duniyar a layi na 4. A layin A suna, a B nisa daga rana da miliyoyin kilomita, a C kwanakin da take ɗauka ta kewaye rana, a D faɗinta da kilomita, a E matsakaicin zafinta. Alƙaluman suna nan kyauta, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta tattara su a shafi guda, malami ya kwafe sau ɗaya ya wadatar. Uɗaridu tana nisan miliyan 57.9, tana kewaye rana a kwana 88, faɗinta 4,879. Zahra 108.2, kwana 225, faɗi 12,104. Tamu 149.6, kwana 365, faɗi 12,756. Mirriku 228, kwana 687, faɗi 6,792. Daga nan sai lambobin su yi tsalle: Mushtari tana nisan miliyan 778, faɗinta 142,984, Neftun kuwa tana can wajen miliyan 4,500. Yaron da ya rubuta waɗannan da hannunsa, idan layinsa ya zo na zama gaban na'ura ba ya ɓata minti goman da aka ba shi wajen tunanin me zai sa a ina.

Wajen shigar da lambobin ne za ka fara gane gwani. Yana zagayawa a bayan yaran, ba lambobin yake karantawa ba, gefen da suka jingina yake dubawa. Jadawali yana tura lamba zuwa dama, rubutu kuma zuwa hagu. Idan ya hango 149.6 ta maƙale a hagu, ya san yarinyar ta ƙara mata “km” a cikin gidan, ko ta buga harafin O a madadin sifiri, na'ura kuma ta ɗauke ta a matsayin kalma. Ba zai karɓe linzamin daga hannunta ba. Sai ya ce, “Ke, duba naki da na ƙawarki. Me ya sa nata ya koma dama, naki yana hagu?” Ita za ta gano. Daga ranar ta riƙe ƙa'idar da manyan ma'aikatan ofis da yawa ba su riƙe ba: ma'auni a kan kanu ake rubuta shi sau ɗaya, cikin gida kuwa lamba ce tsagwaronta.

Da jadawali ya cika, sai ya yi tambayar nan ta zafi, ya sa kowa ya rubuta amsarsa kafin a taɓa komai. Kusan duk aji zai ce Uɗaridu, tunda ita ce a bakin wuta. Sai ya nuna musu yadda ake sa na'ura ta jera layuka daga babba zuwa ƙarami, tare da gargaɗin a haɗa duk jadawalin a zaɓa, don wanda ya jera layin E shi kaɗai zai raba kowace duniya da alƙalumanta, ya ba Mirriku zafin wata duniyar. Aka danna. Zahra ta hau sama da digiri 464 a ma'aunin Salshiyas, Uɗaridu ta biyo da 167, tamu 15, sauran duk ƙasa da sifiri.

“Malam, kwamfutar ta yi kuskure.”

“To, nuna mini inda ta yi shi.”

Su duba, su sake dubawa, babu kuskure. Wannan ɗan shirun da ke biyo baya shi malamin yake nema tun farko, don yanzu yaran ne ke son sani, ba shi ke tura musu ba. Sai ya buɗe musu: Uɗaridu ba ta da iskar da za ta riƙe zafi, gefenta mai kallon rana yakan kai 430, wanda ke cikin duhu ya faɗi zuwa 180 ƙasa da sifiri. Zahra kuwa tana lulluɓe da iska mai kauri, kashi 96 cikin 100 iskar kabon ce, irin wadda ke fita idan an ƙona fetur ko itace. Zafi ya shiga ba ya samun hanyar fita. Darma tana narkewa a digiri 327, ka ga a can ruwa za ta zama. Yaron da ya sha zafin Afrilu na sama da digiri 40 ya san abin da 464 ke nufi, kuma idan gobe ya ji ana maganar ɗumamar yanayi a rediyo, yana da abin da zai rataya maganar a jiki.

Darasin da na fi so shi ne wanda malami ke barin yara su faɗa rami da gangan. An mayar da jerin yadda yake. Ana son a san nisan kowace duniya ninki nawa ne na nisan tamu. A gidan F2 yaro ya rubuta =B2/B4, ya sami 0.39, daidai ne. Malam ya nuna masa ɗan ɗigon da ke kusurwar gidan, ya ce ya ja shi ƙasa, umarnin zai kwafi kansa har layi na 9. Yaro ya ja, gidaje suka cika cikin ƙiftawar ido, ya yi murmushi. Malam bai ce komai ba sai, “Kai, duniyarmu ninki nawa ce ta kanta?” Yaro ya ce ɗaya mana. “To me naka ya ce?” Nasa ya ce 0.19. Can ƙasa kuma, a gidajen Yuranos da Neftun, wani baƙon rubutu ya fito mai nuna an raba lamba da sifiri. Sai a danna gidajen ɗaya bayan ɗaya a ga abin da ya faru: da umarnin ya sauka, B4 ma ta sauka tare da shi, ta zama B5, ta zama B6, har ta fita daga jadawalin ta faɗa gidajen da babu komai. Maganin alama ɗaya ce, a rubuta B$4, a ɗaure layi na 4 kada ya motsa. Aka sake ja: 0.39, 0.72, 1, 1.52, 5.2, 9.6, 19.2, 30.

Da malamin ya faɗi maganar alamar tun farko, da an rubuta a littafi an manta kafin Juma'a. Amma abin da ya fi alamar muhimmanci shi ne ɗabi'ar da ya dasa: duk lissafin da na'ura ta ba ka, nemi wuri guda da ka riga ka san amsarsa ka gwada ta a nan. Kwamfuta ba ta jin kunyar ba ka amsar banza, kuma da tsabta za ta rubuta ta. Mutumin da ya koyi tuhumar ta tun yana ɗan shekara 14 ba za a cuce shi da takarda mai layi-layi ba idan ya girma.

Lambobin nan takwas suna da magana a bakinsu. Wannan 0.72 ta Zahra ita ce amsar abin da yaran suka gani a sama: tunda hanyarta tana ciki da tamu, ba ta iya yin nisa da rana a idonmu, shi ya sa ba a ganinta tsakar dare, sai bayan magariba ko da asuba. Sannan ga gibin da ke tsakanin 1.52 da 5.2. Hoton da ke bangon aji yakan jera duniyoyin kusa da juna, tazara iri ɗaya, kuma hoton nan ƙarya yake yi. Don a rushe shi, sai malam ya ƙara layi guda: idan rana tana bakin raga a filin ƙwallon makaranta, Neftun tana ɗaya ragar, mita 100, ina sauran za su tsaya? Jadawali ya ba da amsa, aka fita fili da igiyar awo. Mai riƙe da sunan Uɗaridu ya tsaya a mita 1.3, Zahra a 2.4, tamu a 3.3, Mirriku a 5. Yara huɗu sun cunkushe a gaban mai tsaron gida, kafaɗa na gugar kafaɗa. Mushtari tana mita 17, Zuhal 32, Yuranos ta haye tsakiyar fili zuwa 64, mai Neftun kuwa sai an ɗaga murya yake ji. A wannan ma'auni rana ba ta wuce ƙaramin lemun tsami ba, santimita 3. Mushtari, wadda faɗinta ya ninka na duniyarmu sau 11, ƙwayar dawa ce. Duniyarmu da duk abin da ke cikinta, Katsina da Makka da tekuna, ƙwayar yashi ce da sai an ƙura ido a tafin hannu. Gani ya kori ji. Na tabbata babu yaron da zai tsaya a filin nan ya koma kallon sama yadda yake kallonta a da.

Daga nan abin yakan zama wasa, kuma gwani yana barin wasan ya yi aikinsa. A keɓe gida ɗaya a sama, kowa ya sa shekarunsa, jadawali ya mayar da su kwanaki ya raba da shekarar kowace duniya. Ɗan shekara 15 ya rayu kwana 5,479: a Uɗaridu dattijo ne ɗan 62, a Mirriku ɗan 8, a Mushtari bai daɗe da cika shekara guda ba. Wani zai ce a sa shekarar Hijira mai kwana 354, a sa, ya ga ya kusa 15 da rabi. Wani ya sa shekarun kakarsa. A ƙara layin ƙarfin da kowace duniya ke jan abu da shi, a ga buhun gero mai kilo 100 zai yi nauyin kilo 38 kacal a Mirriku, a Mushtari kuwa ya haura 230. A raba nisa da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, a ga hasken rana yana iso mana cikin minti 8 da daƙiƙa 19, amma sai ya yi sama da awa 4 kafin ya kai Neftun. Duk waɗannan umarni ɗaya ne ake maimaitawa da kaya daban-daban, hannu yana faɗawa ba tare da yaro ya ji ana horar da shi ba.

Ƙololuwar aikin tana zuwa ne a manyan azuzuwa, kuma a nan ne nake cire wa irin wannan malami hula. Yaran sun riga sun lura cewa duk duniyar da ta fi nisa shekararta ta fi tsawo. Malam ya tambaya: ninki biyu na nisa yana ba da ninki biyu na shekara? Suka duba, a'a. Mushtari ta ninka nisanmu sau 5.2, amma shekararta kusan 12 ce tamu. Neftun ninki 30, shekararta 165. Akwai ƙa'ida a ɓoye, amma ba mai sauƙin gani ba ce. Sai ya bar su su yi ta gwaji, su raba wannan da wancan, layin ya ƙi daidaituwa. In sun gaji sai ya ba su haske kaɗan: ku ninka shekara da kanta, ku ninka nisa da kansa har sau uku, ku raba na farko da na biyu. A layin G an mayar da kwanakin layin C shekaru, a F akwai nisa, sai a rubuta =G2*G2/(F2*F2*F2) a ja ƙasa. Uɗaridu ta ba da 1. Zahra 1. Mirriku 1. Har zuwa Neftun, ko dai 1 ko abin da bai kai ya kawo ba tsakaninsa da 1. Duniyoyi takwas, ƙanana da manya, na dutse da na iska, duk suna bin doka ɗaya, kuma ga ta a tsaye a layi guda a gaban yaron da ya fito da ita da yatsunsa.

Wannan ita ce doka ta uku ta Johannes Kepler, Bajamushen da ya gaji alƙaluman da Tycho Brahe ya kwashe shekaru yana tarawa da awon ido, ya yi ta fama da su da alƙalami da takarda har ya gano ta a 1618, ya buga a 1619. Abin da ya ci masa shekaru, yaro a Dutsin-Ma zai iya ganinsa a darasi guda. Ba don ya fi Kepler kai ba, sai don wahalar ninkawa da rabawa ta koma wuyan na'ura, an bar masa ɓangaren tunani. Kuma gwani ba ya tsayawa a nan, sai ya gwada ko dokar tana iya faɗin abin da ba a sa a jadawali ba. Ya ce akwai Fuluto, wadda aka gano a 1930, aka kuma cire ta daga sahun manyan duniyoyi a 2006. Nisanta ninki 39.5 ne na namu, ku gaya mini tsawon shekararta. Suka lissafa suka ce 248. Aka buɗe littafi, 248 ne. Ke nan tun da aka gano ta ko rabin zagaye ɗaya ba ta yi ba. Ita ma Neftun, tun ganinta a 1846, sai a 2011 ta kammala zagayenta na farko, shekarar da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma.

Akwai layi ɗaya da malami mai gaskiya yake sa wa ido na musamman, na yawan watannin kowace duniya. Tamu tana da 1, Mirriku 2, Uɗaridu da Zahra babu ko ɗaya, waɗannan ba sa canzawa. Amma na Zuhal, wani tsohon littafi zai ce 18, wani 62, a 2023 an kai 146, a watan Maris na 2025 aka tabbatar da ƙarin 128 suka zama 274. Ba watannin ne ke haihuwa ba, madubanmu ne ke ƙara kaifi. Shi ya sa yake tilasta wa yara su rubuta a ƙasan kowane jadawali inda suka samo alƙaluman da shekarar da aka fitar da su. Ɗan ƙaramin layi ne, amma shi ke koya wa yaro cewa ilimi yana da kwanan wata, kuma littafi ma yana tsufa.

Wani zai ce, yankin da ke fama da matsalar tsaro, ga tsadar taki, ga azuzuwan da rufinsu ke yoyo, ina ruwansa da watannin Zuhal? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan yi kamar ban san halin da ƙauyukan Kurfi da Safana da Batsari suka shiga a shekarun nan ba. Amma a duba abin da yaron ya fita da shi. Ya iya tsara bayanai a layi, ya iya jerawa, ya iya rubuta umarni, ya iya zana hoton kwatanci, ya iya kama kuskure. Cire sunayen duniyoyi ka sa na kasuwanni, ka sa farashin buhun masara mako-mako, aikin bai canza ba. Sa awon ruwan sama na kowace damina, ko kuɗin da aka kashe a noman rani a bakin madatsar ruwa ta Zobe da abin da aka samu, ko rajistar allurar rigakafi a asibitin gari, duk hannu ɗaya ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai yaran karkara da ranar jarrabawar ce ranar farko da suke kama linzami. Wanda ya yi zango guda yana jan umarni daga F2 zuwa F9 ba zai shiga ɗakin nan hannunsa na rawa ba.

Me ya sa to ba za a fara da farashin masarar kai tsaye ba? A ganina duniyoyi sun fi dacewa da mai koyo saboda dalilai na zahiri. Takwas ne kawai, suna shiga fuskar waya ba sai an yi ta gungurawa ba. Alƙalumansu tsayayyu ne, ba mai gardama a kansu, ba kamar farashi ba da kowa ke da nasa. Tazarar da ke tsakaninsu tana da girman da dole ka koma ga kwatanci, don miliyan 4,500 ba ta zama a kai sai an ce ninki 30. Sannan suna ɗauke da abin mamaki a kusan kowane layi: lita guda ta jikin duniyarmu a matsakaici kilo 5.5 ce, ta Zuhal ba ta kai giram 700 ba, ruwa ma ya fi ta nauyi. Zahra tana ɗaukar kwana 243 kafin ta juya a kan kanta sau ɗaya, fiye da kwana 225 da take kewaye rana, kuma juyin nata a baibai yake. Yaro yana iya yin hamma a kan farashin masara. Ban ga yadda zai yi hamma a kan wannan ba.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta ɗaya ko waya mai ɗan faɗi, ƙaramin faifan sola da zai caja ta, igiyar awo, da shafi guda na alƙaluma. Akwai manhajojin jadawali na kyauta irin su LibreOffice da ke aiki ba tare da intanet ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da ya san lokacin da zai yi magana da lokacin da zai kame bakinsa, wanda zai ga yaro na shirin yin kuskure ya bar shi ya yi, sannan ya jefa masa tambayar da za ta fito da shi. Irin wannan ba a haihuwarsa da ita, koya masa ake yi, kuma wurin koyarwar yana kusa. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita tana Dutsin-Ma, Jami'ar Tarayya ma tana nan, kuma ɗalibansu ne ke fita koyarwar gwaji a makarantun yankin. Ina roƙon malaman da ke horar da su: kafin ku tura ɗalibi aji, ku zaunar da shi ya gina wannan jadawali da hannunsa tun daga A1 har layin Kepler, ya faɗa ramin B4 ya fito. Shugabannin makarantu kuma, daga Tamawa har cikin garin Kurfi, in kuna da kwamfutocin da ke kulle a ofis don tsoron kada yara su lalata, ku buɗe ku ba malamin kimiyya makullin.